Yadda Ake Saka Katin Intanet Na Kebul A Kwamfutar Tebur, Da Yadda Ake Saita Shi

Mafi yawanmu ta wayar hannu muka san intanet, saboda haka da an ce haɗa kwamfuta da intanet, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne kunna hotspot. Wannan hanya tana biyan buƙata ta ɗan lokaci, amma duk wanda ya taɓa loda bidiyo mai nauyi, ko ya zauna cike wa mutane fom a shago daga safe har yamma, ya san wahalarta: waya ta yi zafi, batir ya zube, ana tsakar aiki sabis ya yanke.

Kwamfutar tebur an ƙera ta ne ta zauna wuri ɗaya, kuma abin da ya fi dacewa da na'urar da ba ta motsi shi ne a haɗa ta da rawuta ta hanyar kebul. Shi ya sa bankuna, ofisoshi da cibiyoyin jarrabawar JAMB ta kwamfuta suke jan kebul zuwa kowane tebur. A wannan darasi za mu ga yadda za ka gane ko kana buƙatar katin, wanda ya dace ka saya, yadda ake saka shi ba tare da an lalata komai ba, da yadda ake saita shi a Windows.

Mene ne wannan kati?

Ka duba bayan kwamfutar tebur, za ka ga wata kafa mai kusurwa huɗu wadda ta fi ta USB tsayi, galibi da ƙananan fitilu biyu a gefenta. Ita ake kira kafar LAN ko Ethernet, kan kebul ɗin da ke shiga cikinta kuma RJ45. Fasahar ta daɗe: Robert Metcalfe ne ya tsara ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka a 1973, kuma har yau a kanta ake.

Kusan duk kwamfutar tebur tana zuwa da wannan kafa a jikin madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke manne da shi. Katin da muke magana a kai ƙaramin allo ne na daban mai ɗauke da tasa kafar, wanda ake sokawa a wani gurbi a jikin madabod. Dalilai uku ne ke sa a saye shi. Na farko, kafar asali ta ƙone, abin da ya fi faruwa da damina idan tsawa ta bi kebul, ko idan wuta ta dawo da ƙarfi. Na biyu, kafar tsohuwa ce da ba ta wuce gudun megabit 100 a daƙiƙa. Na uku, kana son kafa ta biyu, misali ɗaya ta intanet, ɗaya ta kyamarorin tsaro.

Abin da kebul zai ba ka, da wanda ba zai ba ka ba

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Katin ba ya ƙara ƙarfin intanet ɗin da kamfaninka ke ba ka. Idan megabit 15 ke isowa rawutarka daga turken sabis, megabit 15 ɗin ne zai iso kwamfutarka, ko da ka sayi kati mafi tsada a kasuwa. Gudun intanet kamar ruwa ne a jerin bututu: bututun da ya fi ƙanƙanta shi ke yanke yawan ruwan da zai fito.

Abin da kebul ke gyarawa shi ne tsakanin rawuta da kwamfuta. Wi-Fi yana raunana idan ya ratsa katangar bulo ko ƙofar ƙarfe, kuma rawutocin maƙwabta suna cin karo da shi a iska. Kebul ba ruwansa da wannan. Saƙo yana zuwa ya dawo da wuri kuma a daidaice, abin da masu kiran bidiyo, masu wasan gem da masu watsa shiri kai tsaye suka fi buƙata. Haka kuma idan kana tura fayil tsakanin kwamfutoci biyu a shago ɗaya, kafar gigabit tana iya kwashe sama da megabait 100 a daƙiƙa. Ka lura, bit takwas ne ke yin bait ɗaya, shi ya sa lambar da ke jikin kwali ta fi wadda kake gani lokacin saukar da fayil.

Sai kuma sharaɗi guda: dole ne na'urar da ke kawo maka intanet ta kasance da kafar LAN. Rawutocin 4G da 5G na gida da na fayiba suna da ita. Ƙaramin MiFi na aljihu galibi ba shi da ita. Ga masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, rawutar zubi na biyu ba ta da kafar sai an sayi adaftarta daban, amma ta zubi na uku tana zuwa da kafa biyu.

Kafin ka kashe ko kwabo, tabbatar kafar ce ta mutu

Sau da yawa kafar lafiyarta ƙalau, matsalar daga wani wuri take. Gwada waɗannan:

1. Canza kebul da wani wanda ka tabbatar yana aiki, sannan ka canza kafar da ka soka shi a jikin rawuta. Ka tabbatar a wadda aka rubuta LAN ka soka, ba WAN ba.

2. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Network adapters. Idan ka ga suna mai ɗauke da Ethernet, GbE ko Family Controller, kwamfuta tana ganin kafar. Idan akwai ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa, kashe ta aka yi: danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Enable device. Idan alamar motsin rai ce mai ruwan ɗorawa, direba ce matsalar, ba kafar ba.

3. Idan sunan bai fito ba sam, shiga BIOS lokacin da kwamfuta ke tashi. A Dell ana danna F2, a HP kuma F10, a wasu Delete. Nemi wurin da aka rubuta Onboard LAN ko Integrated NIC ka ga ko a kunne yake. Kwamfutocin tokumbo da suka fito daga ofisoshin waje wani lokaci sukan zo da wasu kafofi a rufe.

Idan duk ka yi wannan, fitilun ba su kama ba kuma Windows bai ga komai ba, to lokacin sayen kati ya yi.

Wane iri za ka saya?

Buɗe murfin kwamfutar ka leƙa kafin ka tafi kasuwa, ka ɗauki hoton madabod da wayarka. Wannan hoton zai raba ka da zirga-zirgar mayar da kaya.

Gurbi iri biyu za ka iya gani. Akwai PCI Express, wanda ake taƙaitawa PCIe, shi ne na zamani. Yana zuwa gajere sosai, wanda ake kira x1, ko dogo, wanda ake kira x16. Yawancin katunan intanet x1 ne, kuma katin x1 yana shiga ya yi aiki a dogon gurbi ma, sai dai ya bar sauran gurbin a fili. Akwai kuma tsohon PCI, galibi fari, wanda ake samu a tsofaffin kwamfutoci. Sunayen sun yi kama amma ba sa shiga juna, kada ka yarda a ce maka duk ɗaya ne.

Abu na biyu shi ne ƙarfen bayan katin, wanda ake ɗaurewa a jikin akwatin kwamfuta. Siraran kwamfutocin HP, Dell da Lenovo da suka cika kasuwanninmu gajeren ƙarfe suke karɓa, manyan akwatuna kuma dogo. Kati mai kyau yana zuwa da duka biyun a kwali. Buɗe ka gani da idonka a gaban mai shago.

Abu na uku, gudu. Ka nemi wanda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000. Wanda ya tsaya a 10/100 ya tsufa. Akwai na gigabit 2.5, amma ba zai amfane ka ba sai rawutarka ma tana da kafa mai wannan gudun.

Abu na huɗu, ka duba sunan da ke kan ɗan baƙin cif ɗin da ke tsakiyar katin, domin shi ne ainihin katin, ba sunan da ke kwali ba. Realtek da Intel su ne suka fi yawa, kuma direbobinsu ba sa wuyar samu. A ɓangaren Realtek, RTL8111 da RTL8168 na gigabit ne, RTL8125 na 2.5. A ɓangaren Intel akwai I210 na gigabit, da I225 da I226 na 2.5.

Idan kwamfutarka ƙarama ce ƙwarai da ba ta da gurbi, ko ba ka son buɗe ta, akwai adaftar USB mai kafar LAN a ƙarshenta. Ka sayi ta USB 3.0 ka soka a kafar da cikinta shuɗi ne, domin USB 2.0 iyakarta megabit 480, ba ta kai gigabit ba. Irin mai kan Type-C ma tana aiki a wayoyin Android da yawa. Sai dai adafta tana lilo a waje, ana iya fizge ta, saboda haka ga kwamfutar shago katin ciki ya fi ƙarko.

Kada ka raina kebul

A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka takwas. Ma'ana, idan guda ɗaya ta tsinke ko ba ta matsu da kyau ba, intanet zai iya ci gaba da aiki, amma gudun ya faɗo zuwa 100 ba tare da ka sani ba.

Ka nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Dukansu suna ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, kuma wannan ita ce iyakar kebul guda. Ka guji wanda aka rubuta CCA, domin alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ya fi arha, amma yana saurin karyewa kuma yana ba da matsala a dogon zango. Idan ka kankare waya ɗaya da reza ka ga fari a ciki, shi ne.

Idan za a matse maka kan kebul a shago, tsarin da aka fi bi shi ne T568B, kuma dole bakin biyu su zama iri ɗaya: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka sa a gwada maka da na'urar gwaji ka ga fitilu takwas sun kama a jere kafin ka biya.

Yadda ake saka katin

Sukurudireba mai baki huɗu kawai kake buƙata, da wuri mai haske.

1. Kashe kwamfuta ta Shut down, sannan ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya. Kashe soket bai isa ba idan tana kan UPS ko inbata. Madabod yana riƙe da wuta ko kwamfuta a kashe take, muddin wayar na jone.

2. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe na kamar daƙiƙa goma don sauran wutar da ta rage ta fice.

3. Kwantar da akwatin a kan tebur ka cire murfin gefe. Wasu sukuru biyu ne a baya, wasu kuma maɓalli ne ake ja.

4. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, ka riƙa maimaitawa. Ka san tartsatsin nan da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota ko ka tuɓe riga da hunturu? Wuta ce da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe, kuma ko wadda ba ka ji ba tana iya kashe cif. Kada ka yi aikin a kan katifa, bargo ko kafet.

5. Zaɓi gurbin da za ka yi amfani da shi, ka cire ɗan ƙarfen da ya rufe tagar da ke daidai da shi a bayan akwati. Wani sukuru ne ya riƙe shi, wani kuma sai an lanƙwasa shi gaba da baya ya ɓalle. Yi a hankali, bakinsa yana yanka.

6. Idan akwatinka siriri ne, kwance sukuru biyun da suka riƙe dogon ƙarfen katin ka ɗaura gajeren.

7. Riƙe katin ta gefe, kada yatsunka su taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. Daidaita tsagar da ke jikin haƙoran da ɗan tudun da ke cikin gurbin, ka danna shi ƙasa a miƙe har haƙoran su nutse. Idan ya ƙi shiga, kada ka sa ƙarfi, ciro shi ka sake dubawa. Sau da yawa ƙasan ƙarfen baya ne ke tokarewa.

8. Ɗaure ƙarfen da sukuru ko ka mayar da makullinsa. Kada ka tsallake wannan, domin soka kebul da zare shi yana ɗaga katin da ba a ɗaure ba.

9. Mayar da murfi, soka kebul a sabuwar kafar har ka ji ƙas, ɗaya bakin kuma a kafar LAN ta rawuta. Jona wuta ka kunna.

Ka duba fitilun. Launinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a bisa al'ada ɗaya tana tsayawa a kunne alamar an haɗu, ɗaya tana ƙyaftawa idan bayanai na wucewa.

Batun direba, da yadda wayarka za ta cece ka

Direba ƙaramar manhaja ce da ke koya wa Windows yadda zai yi magana da katin. Windows 10 da 11 suna gane yawancin katunan gigabit da kansu, haka ma Linux. Idan ka ga alamar kwamfuta ta fito a ƙasan allo kusa da agogo, ka gama wannan mataki.

Idan bai gane ba, za ka ga Ethernet Controller da alamar ruwan ɗorawa a Device Manager. Ga inda ake cijewa: kana buƙatar intanet don saukar da direba, kuma direbar ce za ta ba ka intanet. Mafita tana aljihunka. Jona wayar Android da kwamfutar ta wayar caji mai ɗaukar bayanai, ka shiga saitin hotspot na wayar ka kunna USB tethering. Kwamfuta za ta samu intanet nan take, sai ka bar Windows Update ya nemo direbar. Ko kuma ka saukar da ita a wayar ka kwafa zuwa kwamfuta. Masu iPhone sai sun fara saka iTunes ko manhajar Apple Devices kafin wannan hanya ta yi aiki.

Idan ba ka san kamfanin cif ɗin ba, danna sunan sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Idan ka ga VEN_10EC na Realtek ne, VEN_8086 kuma na Intel. Daga shafin kamfanin kawai za ka saukar. Shafukan da ke alƙawarin gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya sun sha cusa wa mutane tallace-tallace da miyagun manhajoji.

Saiti da gwaji

Rawuta ce ke raba wa kowace na'ura adireshi da kanta, ta tsarin da ake kira DHCP, don haka galibi ba sai ka rubuta komai ba. Amma ka tabbatar da abubuwa uku.

Na farko, gudu. Danna Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, danna Ethernet sau biyu ka duba Speed. Idan katinka da rawutarka duka na gigabit ne, ya kamata ka ga 1.0 Gbps. Idan 100 Mbps ka gani, fara zargin kebul. Ka kuma duba takardar rawutar, domin rawutoci masu arha da yawa kafarsu 100 ce.

Na biyu, adireshi. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Adireshi mai farawa da 192.168 ko 10 alama ce ta lafiya. Wanda ya fara da 169.254 yana nufin kwamfuta ba ta samu amsa daga rawuta ba, sai ta ba kanta lamba. Kashe rawutar ka kunna, ka sake duba kebul.

Na uku, gano inda matsala take. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin rawutarka, misali 192.168.0.1, 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na Huawei da yawa. Rubuta ping sai wannan lamba. Idan amsa ta dawo, katinka da kebul ɗinka lafiya lau. Sai ka rubuta ping 8.8.8.8. Idan wannan ya ƙi, matsalar ta kamfanin intanet ce ko data ta ƙare. Idan ya yi amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Shiga saitin Ethernet ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Idan intanet yana yankewa bayan kwamfuta ta yi barci, koma Device Manager, buɗe katin, shiga Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tanadin wuta.

Kare datarka

Wannan saiti ne da bai kamata mai sayen data da gigabait ya manta ba. Windows yana ɗauka duk intanet na kebul ba shi da iyaka, sai ya saki jiki yana saukar da sabuntawa, OneDrive na loda hotuna, sauran manhajoji ma kowa na jan nasa. Idan rawutarka da layin waya take aiki, datar wata guda tana iya tafiya cikin 'yan kwanaki. Shiga Settings, Network & Internet, Ethernet, ka kunna Metered connection. A ɓangaren Data usage kuma za ka iya sa iyaka ka ga manhajar da ta fi ci. Amma ka ware lokaci, misali idan kana da datar dare, ka bar sabuntawar tsaro ta sauka.

Kada sabon ya bi sahun tsohon

Idan tsawa ce ta kashe kafar farko, hanyar da ta bi tana nan. Kebul da aka ja a sararin sama daga gini zuwa gini, ko wanda ya sauko daga eriyar da ke kan rufi, shi ne ya fi jawo wannan. Idan hadari ya haɗo, zare kebul daga bayan kwamfuta tare da wayar wuta. Kada ka ɗaure shi jiki ɗaya da wayar lantarki a doguwar tafiya, kada ƙofa ta riƙa matse shi, kuma wanda zai bi waje ya zama irin na waje, a cikin bututu, domin rana tana busar da roba ta tsattsage.

Idan ka sa katin ya ƙi bayyana a Device Manager, kashe wuta ka ciro shi ka sake dannawa da kyau, ko ka gwada wani gurbin, kafin ka yanke hukuncin cewa ya lalace. Ka kuma ajiye kwalin da rasit har sai ka ga 1.0 Gbps da idonka.